Motar Da Take Sallama

Hamma Sa'idu ya yi shekara goma sha ɗaya yana hawan mota ɗaya, kuma a Dutsin-Ma wanda bai taɓa ganinta ba ya taɓa jin ta. Akwala muke ce mata. Salansarta ta fashe tun ina goyon 'yata ta biyu, aka yi walda, ta sake fashewa, aka sake yi, daga ƙarshe mai waldar ya ce don Allah a bar shi ya huta. Idan ta tashi da safe, kajin unguwa sai sun watse.

Ni ce Turai, autar gidanmu, malamar firamare. Shi ne ɗan fari, likitan dabbobi ne, ya ba ni shekara goma sha tara. Duk ranar Asabar shi yake ɗaukata mu tafi gaida Inna a ƙauyenmu da ke bayan Rawayau, a ƙasar Kurfi. Shekara uku ke nan da idon Inna ya mutu. Tana zaune da ƙanen Hamma, Misbahu, da matarsa Khadijat.

Da fetur ya yi tashin gwauron zabi, Akwala kuma ta fara kwana a garejin Hudu bakanike fiye da yadda take kwana a gida, sai Hamma ya yanke shawarar rabuwa da ita. Ya ce irin motocin nan yake so masu haɗa fetur da batir, waɗanda idan ana tafiya a hankali inji yake kashe kansa batir ya ja. Ƙaramar jif yake so, mai ɗan tsayi, saboda hanyoyin rugage. Alhaji Lawal mai sayar da motoci a hanyar Katsina yana da guda biyu, fara da ruwan toka, kamfaninsu daban, kuɗinsu kusan ɗaya.

Wanda bai san Hamma ba zai ce ai abu ya zo da sauƙi. Mutumin da kafin ya sayi tunkiyar layya sai ya duba haƙoranta, ya matsa cikinta, ya tafi gida ya kwana biyu yana tunani. Sati uku muka yi ba mu da hira sai ta fara da ruwan toka. Fara ta fi tsayi daga ƙasa. Fara ta fi tsimin mai. But ɗinta yana ɗaukar akwatin ƙanƙarar da yake zuba allurar riga-kafi har da sauran wuri, na ruwan toka kuwa sai an kwantar da kujera ɗaya. Ita ruwan toka ga wata ɗabi'a: da ta ga ɗan tudu ko yashi sai injinta ya farka yana gurnani, idan kuma tana tafiya a hankali a kan batir, sai ta riƙa wani irin kuka siriri kamar ƙudan zuma a cikin gora. Alhaji Lawal ya ce masu ita ne suka sa mata, wai don masu tafiya a ƙasa su san tana tafe.

"Likita, wannan ai ba abin dogon nazari ba ne," in ji Hudu, bayan ya shiga ƙarƙashin kowacce ya fito. "Ɗauki fara ka huta. Ko kurma ya san ta fi."

Hamma ya ce ya ji, amma sai ya gwada ta a hanyar gida tukuna. Alhaji Lawal abokinsa ne tun suna makaranta, sai ya miƙa masa makulli ya ce ya je ya dawo.

A nan ne ya kamata in yi magana, ban yi ba. Kafin in faɗi abin da ya faru, sai na faɗi yadda Inna take da Hamma, domin yaran yanzu idan aka ba su labari sai su ɗauka ƙiyayya ce.

Mu Fulani ne, ko da yake Fulatancin ya gudu ya bar mu, saura abin da ya maƙale a bakin tsofaffi. Amma kunya ba ta gudu ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallon idonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ana yaye Hamma aka kai shi wurin kakarmu, a can ya girma. Idan Inna za ta ambace shi sai ta ce "wancan", ko "yayanku", idan ta ji daɗi ƙwarai ta ce "mai shanu". Ni kuwa da nake auta, a cinyarta na girma, har yau idan na je ina kwanciya a kan gadonta in ce ta sosa mini kai. Hamma yana durƙusawa ne daga bakin ƙofa, labule a tsakaninsu.

"Inna, ina wuni?"

"Lahiya. An zo lahiya?"

"Lafiya lau. Ya jikin?"

"Da godiya."

Shi ke nan. Sai Khadijat ta fito masa da ƙwaryar fura, ya sha a zaure, ya je ya duba shanun Misbahu, kafin la'asar mu kama hanya, don zamanin nan ba a bari yamma ta yi wa mutum a wannan dajin. Shekara da shekaru haka ake yi, kuma bai taɓa tambayar yadda aka yi kullum yake tarar da furar nan sabuwar damawa ba.

Ni na sani. Wani hutu na yi sati biyu a gida, na gani da idona. Ranar Asabar tun da hantsi Inna take lallaɓawa da sandarta ta fita ƙofar gida, ta zauna a kan wani tsohon turmi da aka kifa a jikin danga, ta juya kunnenta wajen rafi. Ba ta ce wa kowa komai. Da zarar Akwala ta fara hawowa daga rafin, tun tana can nesa, sai ta miƙe ta koma ɗaki, ta ja ƙwarya ta fara dama fura da hannunta. Kafin a kashe mota ta gama, ta miƙa wa Khadijat, ta koma ƙuryar gado ta zauna kamar wadda ba ta san yau wace rana ba ce. Ban taɓa gaya masa ba. Sirrinta ne, kuma na ga abin da take ɓoyewa ya fi ƙarfin bakina.

To ranar nan sanyin motar ya ruɗe ni. Na miƙe ƙafa, ina ta danne-danne a allon gaba, ina ɗaukar hoto ina tura wa ƙawaye. Wallahi ko sau ɗaya Inna da turminta ba su faɗo mini a rai ba. Ƙarshen damina ne, dawa ta yi tsayi ta rufe hanya hagu da dama, ƙasa da ɗan danshi. Fara ta sauka rafi ta hau tudu ba ko tari. Muka wuce tsamiyar bakin gari, muka sha kwana, sai ga Inna a kan turmi, taki goma tsakaninmu, fuskarta tana kallonmu sosai.

Hamma ya taka burki. Bai taɓa ganinta a wurin ba. Ya sauke gilashi zai yi sallama, sai ta riga shi magana. Da Khadijat take, wadda ke daka a bayan danga.

"Khadi, rana ta kai ina?"

"Ta kusa tsaka, Inna."

"Bai saba kai haka ba."

"Ƙila motar ce ta tsaya musu, kin san halinta."

Inna ta murza kan sandarta. Taɓarya ta ci gaba da sauka. Sai ta fara magana ƙasa-ƙasa, ba da Khadijat ba, ba da kowa ba.

"Allah ka tsare mini shi. Sa'idu. Sa'iduna, ɓingel am, ɗana. Ka kawo mini shi lahiya, ka maishe shi lahiya." Ta ɗan yi murmushi. "Da suka kai shi wurin tsohuwa, rigarshi na ɓoye cikin tukunya. In na tahi ɗiban ruwa in hiddo ta in shaƙa. Har ta daina ƙamshinshi ban yar ba."

Na kalli Hamma. Hannayensa biyu suna kan sitiyari, bakinsa a ɗan buɗe. Mutum mai furfura a gemu, wanda ke kayar da bijimi ya yi masa allura, hawaye na bin kumatunsa bai ma san suna zuba ba. Na so in yi tari, in buɗe ƙofa, in yi wani abu, amma na kasa. Kuma gaskiya, wani sashe na zuciyata yana cewa bar shi ya ji, ai haƙƙinsa ne.

Irin motocin nan idan batir ya yi ƙasa, inji da kansa yake tashi ba tare da an taɓa komai ba. Haka ya tashi, a gabanta.

Inna ta zabura. "Wa ke nan?"

Ba yadda zan yi. "Mu ne, Inna."

Ta miƙe da sauri, sandar ta faɗi, ba ta tsaya nema ba. Ta juya za ta shiga gida, ta saɓa wa ƙofa, ta yi karo da danga, kara ya yage mata hannu. Hamma ya buɗe ƙofar mota, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya tsaya a haka, don ya san idan ya taɓa ta abin ya ƙara muni. Ni na ruga na kama ta. Ta fizge hannunta daga nawa, abin da ba ta taɓa yi mini ba.

Ranar ba a amsa gaisuwa ba. Khadijat ta fito ta ce kan Inna yana ciwo, ta kwanta. Babu fura. Hamma ya duba shanu sama-sama muka juyo.

Har muka wuce Kurfi bai yi magana ba. Motar kuma ba ta da ƙarar da mutum zai fake a bayanta. Sai can ya ce, "Shekarata hamsin da biyu, Turai. Yau na fara jin sunana a bakinta."

"Na sani, Hamma."

"Kin san tana zama a wurin?"

"Na sani."

Ya gyaɗa kai, bai yi mini faɗa ba, ni kuwa da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Muka ƙara tafiya. Sai ya shafa sitiyarin a hankali ya ce, "Wannan zan ɗauka."

Na gane abin da yake nufi, raina ya ɓaci nan take. Ni dama ba a san ni da riƙe baki ba.

"Wato ka sami abin laɓe. Ka riƙa zuwa kana yi wa makauniya sanɗa, kana sauraren abin da take gaya wa Ubangijinta."

"Turai."

"Ai gaskiya ce. Ba kai ta gaya wa ba, Hamma. Tsinta ka yi."

"Ke kin taɓa rasa shi ne?" Muryarsa ba ta tashi ba. "Ke da ake kiran sunanki sau ɗari a wuni. Kin san yadda yaro yake ji idan aka kai shi gidan uwarsa da salla, ta shafa kan kowa ta tsallake nasa? An ce mini al'ada ce, na yarda. Na girma na gane. Amma ganewa daban, ji daban."

Na ji tausayinsa har cikin ƙashina, kuma duk da haka ban janye maganata ba.

Ranar Laraba Khadijat ta kira ni. Ta ce tun ranar Inna ba ta leƙa ƙofar gida ba. Dama ba Asabar kaɗai take fita ba, kullum da safe takan zauna a kan turmin ta sha hantsi, mata masu tafiya rijiya su tsaya su gaisa, makiyaya su gaya mata inda aka sami ciyawa. Yanzu ko tsakar gida sai da lallashi. Ƙafafunta sun fara kumbura saboda zama.

"Na ce mata, Inna, ki hito ki sha iska," in ji Khadijat. "Ta ce mini, da ina ganin mutum da kunnena. Yanzu mi ya rage? Sai a tsaya kaina ban sani ba."

Na je gidan Hamma bayan an tashi daga makaranta, na tarar yana wanke allurai a tsakar gida. Na faɗa masa yadda aka faɗa mini, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya daɗe yana juya wata allura a cikin ruwan zafi. Na ce, don in sassauta, ai ba sai an fasa farar ba, idan an zo tsamiya sai ya riƙa danna hon.

Ya girgiza kai. "In na yi hon, na ce mata ke nan, Inna tashi ki ɓuya, na san kina nan. Kowace Asabar sai na tuna mata. Akwala ba ta taɓa gaya mata an san komai ba. Ƙararta kawai take yi."

Ni da nake ganin na fi shi sanin Inna, wannan bai zo mini ba.

Washegari ya ce in raka shi wurin Alhaji Lawal. Abin da aka yi a filin motocin nan har yau ana ba da labarinsa. Hamma ya sa na tsaya a bayan katanga, na rufe ido da gyalena, ya ce idan na ji mota in ɗaga hannu. Ya tafi can ƙarshen layi ya taho da fara a hankali. Ina tsaye ina jin masu babur, ina jin mai tallan rake, sai kawai na ji muryarsa a gefena yana cewa in buɗe ido. A wannan ɗan lokacin na ɗanɗani abin da Inna ta ji, ban kuma so shi ba ko kaɗan. Ya koma ya taho da ruwan toka. Tun daga wajen mai faci na ji injinta ya farka a kan yashi, da ta matso kuma ga kukan zuman nan. Na ɗaga hannu tana da sauran tafiya mai yawa.

Alhaji Lawal ya riƙe haɓa. "Likita, na shekara ashirin ina sayar da mota, ban taɓa ganin an gwada ta da ido rufe ba."

Hudu, da aka kira ya zo shaida, ya ɗauka kukan ne yake damun Hamma. "In don wannan ne, waya ɗaya ce, yanzu in cire ta."

"Kar ka taɓa."

"To in ƙara kake so, ɗauki fara in ɗaura mata 'yar ƙararrawa a ƙasa. Ka sami tsimin mai, ka sami ƙara."

Na ga shawarar ta shige shi. Ya zagaya farar, ya buɗe but ɗin ya kalli faɗinsa, ya rufe. Yana son motar nan, kowa ya gani. Sannan ya juyo gare ni.

"In Inna ta tambaye ki, haka aka ƙera ta ko sa mata aka yi, me za ki ce?"

"Ka san ba na iya yi mata ƙarya. Ko na yi, a muryata take kamawa."

Ya miƙa wa Alhaji Lawal makullin fara. Hudu ya yi tsaki ya ce masu ilimi dai Allah ya shirye su.

Na aika wa Inna ta bakin Khadijat cewa waccan motar ta aro ce, an mayar wa mai ita, wadda aka saya tana da murya. Asabar ta farko muka tarar da turmi ba kowa. An amsa gaisuwa, a gajarce, kuma Khadijat ce ta dama furar, Hamma ya gane tun daga kurɓar farko amma ya shanye. Da na shiga ɗaki na kwanta a bayan Inna, sai ta ce, "Wagga mota, mi ke mata kuka haka?"

"Haka masu ita suka ƙera ta, Inna. Wai don na ƙasa ya san tana tafe."

"Ba sa mata aka yi ba?"

"Haka ta zo."

Ta saurari muryata har ta gama sauka. "To tana da tarbiyya," in ji ta.

Asabar ta biyu ma ba kowa. Hamma yana ta fama da akwatin ƙanƙara da kujerar da sai an kwantar, kuma sau biyu cikin motar ya goga ƙasa a hanyar Wurma. Duk lokacin da muka haɗu da farar a cikin gari, don wani ɗan kasuwa ya saye ta, sai na ga ya bi ta da ido.

Asabar ta huɗu, muna hawowa daga rafi, inji ya farka yana gurnaninsa. An fara yankan dawa, hanya ta buɗe, ana hango gari tun daga nesa. Can a jikin dangarmu na ga shuɗin zane a kan turmi. Na ga ya miƙe, ya laluba sanda, ya juya a natse, ya sami ƙofa ba kuskure.

Hamma ma ya gani. Da muka iso tsamiya sai ya tsaya, ya ciro waya yana dubawa, alhali ko sabis babu a wurin. Motar tana ta ɗan kukanta kafin ta yi shiru. Ya ba ta lokacin da zai ishi tsohuwa ta kai ɗaki, ta ja ƙwarya, ta dama fura ba gaggawa. Sannan muka ƙarasa.

"Inna, ina wuni?"

"Lahiya. An zo lahiya?"

Ya sha furar a zaure har ya kaɗa ƙwaryar. Bai sake jin sunansa ba, kuma ya san ba zai sake ji ba.

Haka muka riƙa yi, kowace Asabar sai ya tsaya a tsamiya yana duba wayar da ba ta da sabis. Wajen sati na shida, ina shirin fitowa za mu tafi, Inna ta kamo bakin gyalena. Ta juya fuskarta wajen bango, kamar yadda take yi duk lokacin da maganar ta shafi wancan.

"Ki gaya ma yayanki," ta ce, "ya rage tsayuwar nan da yake yi gindin tsamiya. Ni ban tsufa haka ba. Hura tana tsinkewa, kuma rana tana dukan shi a banza."

Sai da muka sauka rafi na gaya masa. Ya ɗan rage gudu, ya goge fuska da hannun riga, ya ce wai sanyin motar nan yana sa masa ruwan ido.